Kambun Baku Ya Ishi Mitas Shaida

A watan Agustan 2023, a birnin Baku na Azarbaijan, wani ɗan ƙasar Girka mai suna Efthimios Mitas ya zama zakaran duniya a harbin faifan yumɓu, nau'in da ake kira sikit. Yana da shekara 38 a lokacin. Eetu Kallioinen na Finlan ne ya zo na biyu, Azmy Mehelba na Masar ya zo na uku. Shekara guda bayan haka Mitas ya je gasar Olamfik ta Paris ya dawo hannu rabbana, kamar yadda ya dawo daga Landan a 2012 da Rio a 2016.

Masu auna ɗan wasa da lambar Olamfik kaɗai za su ce mutumin bai kai ba. Ni ban yarda ba, kuma abin yana damuna, don ma'aunin nan yana cin haƙƙin mutane da yawa.

A duba yadda wasan yake. Maharbi zai tsaya da bindigarsa, gindinta a saitin ƙugu, ba a kafaɗa ba. Zai yi kira, amma faifan ba lallai ya fito nan take ba, yana iya jinkiri har daƙiƙa uku. Faifan kansa faɗinsa santimita 11 ne, kamar murfin ƙaramin kwano. Ana cillo shi daga ɗakuna biyu, ɗaya sama ɗaya ƙasa, wani lokaci biyu a tare suna giftawa. Sai ya bayyana sannan maharbi ya ɗaga bindiga, ya saita, ya harba. Haka zai yi ta yi a tasha takwas, har faifai 125 kafin a tace masu zuwa zagayen ƙarshe. A tsakanin manyan gwanaye, kuskuren faifai biyu ko uku ya isa ya mayar da mutum gida. Iska ta ɗan kaɗa, ko ido ya ƙifta a inda bai kamata ba, aikin shekara huɗu ya tafi.

To wasan da ake faɗuwa a kan abu kaɗan haka, ta yaya za a yanke wa mutum hukunci da kwana biyu na Olamfik?

Na san abin da za a kawo mini: Vincent Hancock na Amurka ya ci zinare a 2008 da 2012 da Tokyo da Paris, ke nan ba sa'a ba ce. Gaskiya ne, Hancock na daban ne. Amma shi ma a Rio bai kai zagayen ƙarshe ba, kuma babu wanda ya ce ya manta harbi.

Abin da ya fi taɓa ni a labarin Mitas shi ne shekaru goma sha ɗaya da ke tsakanin Landan da Baku. Harsashi kuɗi ne, faifai kuɗi ne, tafiye-tafiye ma haka, ga shi shekarun sun zo daidai da lokacin da tattalin arzikin Girka ya shiga mawuyacin hali. A ƙasar da ƙwallon ƙafa da ƙwallon kwando suka mamaye jaridu, ya ci gaba da zuwa fili yana kiran faifai.

Shekaru ma ba su rufe masa ƙofa ba. Abdullah Al-Rashidi na Kuwait ya ci tagulla a Rio yana da shekara 52, ya sake ci a Tokyo yana da 57. Idan Mitas ya ga dama ya nufi gasar Los Angeles ta 2028, zai isa can yana da shekara 43.