Wa aka tambaya, mai gida ko matar?

Wani labari ya ce binciken wata jami'a ya nuna matan karkarar Maraɗi sun fara samun daidaito wajen mallakar gona, amma bai faɗi wa aka tambaya ba, kuma nan gizo ke saƙa. Galibin takardun tambayoyin nan da Faransanci ake rubuta su, ɗalibi ya juya su Hausa a tsaye bakin zaure, mai gida ya amsa a madadin kowa. In mai tambayar namiji ne, gidan kulle ba ya shiguwa gare shi. In kuma aka haɗa kishiyoyi kan tabarma guda, kowace amsar da ba za ta jawo mata magana ba za ta bayar. Sannan “kina da gona?” ba tambaya ba ce. Mace za ta ce i, alhali gamana ce mijin ya ara mata, ranar da gandu ya yi kaɗan ko aure ya mutu a karɓe. Sai a rarrabe: gado ce, saye ko aro? Akwai takardar Cofo, wato hukumar kula da filaye, da sunanta? Wa ke sayar da geron, wa ke riƙe kuɗin? Ga mai cewa wannan batun Turawa ne, ai rabon mace a gado shari'a ce ta yanke shi, hana shi ake yi. Tun 1991 ƙungiyoyin Mata Masu Dubara ke tara asusu a jihar Maraɗi. Masu binciken sun buɗe littattafansu kuwa, ko ƙauyukan bakin kwalta kawai suka zaga?