Ranar da na zaga Zariya da wasiƙa ashirin

Tun da aka naɗa ni sakataren ƙungiyar unguwarmu a Tudun Wada, aikina bai wuce rubuta sunayen waɗanda suka makara taro ba. Sai bana da damina ta matso, aka ce a yashe kwatar layinmu kafin ruwa ya shigo mana ɗaki kamar bara. Asusun ƙungiya kuwa naira 3,200 ce a ciki. Shugaba ya ce, "Sakatare, kai ne ɗan boko. Buga wasiƙa ka bi masu shaguna da ƙungiyoyi, a taimaka mana."

Na tafi PZ wajen masu buga takardu. Yaron ya ce yana da irin wannan wasiƙar a kwamfuta, sunan ƙungiya kawai zai canza. Janareta na ta tari, mutum biyar na jira a bayana. Ya bugo ashirin, na ninke na zuba a ambulan, ko kallo ban yi ba. Ɗan boko ke nan.

Na fara da kasuwar Sabon Gari, shagon wani Alhaji mai robobi wanda ko cikon naira hamsin ba ya yafewa. Ya karanta, ya dube ni, sai ya tashi ya ba ni kujerarsa. "Kai yaro, kawo wa Malam lemo mai sanyi!" Na ce a raina, ashe mutane ke yi wa bawan Allah ƙazafi.

A Kwangila na shiga ofishin 'yan acaba. Shugabansu ya gama karantawa ya ce, "Yallaɓai, mutum nawa za mu kawo?" Na ji daɗi ƙwarai, ga majiya ƙarfi masu yasa sun samu. Na ce, "Ko nawa ne, Shugaba, babu wanda za a kora. Asabar da sassafe, ƙofar gidana." Da kansa ya goya ni har Ƙofar Doka, ya ƙi karɓar ko sisi.

Inda na fi jin tsoro shi ne cikin birni, wajen unguwar Babban Dodo, domin can telana yake. Zage-zagi dai an san su da ɗinkin hannu, shi kuma aska biyu ya zauna ya tsara mini a babbar riga tun Babbar Sallah, har yau da sauran kuɗinsa a kaina. Wata uku ina canza hanya saboda shi. Na miƙa wasiƙa ina kame-kame, ina cewa batun wancan lissafin. Ya ɗaga hannu. "Haba Malam, wane lissafi tsakaninmu? Zauna ka huta."

Daga nan sai ƙungiyar mata masu ƙuli-ƙuli da man gyaɗa. 'Yar shugabarsu ta karanta mata a can ciki, sai na ji guɗa ta tashi. Hajiya ta leƙo zaure ta ce, "Ɗan nan, kuɗi ne ko kayan aiki?" Na ce, "Duk wanda ya samu, Hajiya." Ta sa mini albarka, har da iyayena da kakannina, ta ƙulla mini ƙuli-ƙuli a leda.

Ko kwabo ban samo ba ranar, amma kowa ya ce sai Asabar. Na shaida wa uwargida cewa Allah ya ba ni baiwar baki, siyasa ce kawai ban shiga ba.

Asabar ko karyawa ban yi ba ta taɓo ni. "Maigida, wa ya rasu?" Na leƙa. Layi tun daga ƙofa har bakin titi, babura jere kamar tasha. Na duba hannuwansu, babu mai shebur, babu mai baro. Kowa da fayil, da hoton fasfo, da kwafin katin ɗan ƙasa. Na karɓi wasiƙar hannun wani na karanta, karon farko: ƙungiyarmu na farin cikin sanar da cewa za ta raba tallafin jari ga masu ƙananan sana'o'i.

Na kira Shugaban ƙungiyarmu, wayarsa a kashe.

Na farko a layi telana ne. Ya saurari bayanina har ƙarshe, ya ninke wasiƙar a hankali ya sa a aljihu, ya ce, "To Malam, tunda tallafin bai iso ba, a fara da kuɗin rigar."