Dillalan sandunan tangistin, ku riƙa faɗa mana yadda aka sarrafa kayanku

Babu dalilin da zai sa a ci gaba da sayar mana da sandunan ƙarfen tangistin da kauri da tsawo da farashi kawai, alhali abin da ke yanke hukunci a kan ko sanda za ta yi aiki ko za ta ɓata aiki shi ne matakin sarrafawar da aka tsayar da ita a kai kafin ta bar masana'anta. Ina magana ne da bakin wanda ke gyaran tankunan ƙarfe marar tsatsa na masana'antun abin sha, kuma yake ƙera bakunan injin waldar ɗigo da ake haɗa wayoyin jan ƙarfe da su. Raina a ɓace yake, domin asarar da wannan sakaci ke jawowa tana sauka ne a kan mai aiki shi kaɗai, dillali kuwa ya riga ya ƙirga kuɗinsa ya rufe shago.

Tangistin, wanda alamarsa a ilimin sinadarai ita ce W, ba ya narkewa sai a digiri 3,422 a ma'aunin Salsiyas, kuma babu wani ƙarfe da ya kai shi jure zafi. Saboda haka ba a zuba shi a mazubi kamar yadda ake zuba sanholo. Garinsa ake matsewa, a gasa shi cikin iskar haidurojin a zafin da ya haura digiri 2,000 har ƙwayoyin su manne da juna. Sandar da ta fito daga wannan gashi tana da ƙananan ramuka a cikinta, nauyinta bai cika ba, kuma tana iya karyewa da ɗan bugu. Sai an sake zafafa ta an bi ta da gudumomi masu juyawa, ana rage kaurinta sannu a hankali, sannan ramukan ke rufewa, ƙwayoyin cikinta su miƙe bisa tsawonta, ta sami ƙarfin da ake nema. Wannan hanya ta samo asali ne daga aikin William Coolidge a kamfanin General Electric na Amurka wajen shekarar 1910, wato ilimi ne da ya haura shekara ɗari, ba wani sirri ba ne da za a ce dillali bai sami labarinsa ba.

Bayan bugun guduma sandar takan fito baƙa, da ɓawon ƙuna da ragowar girafait ɗin da aka shafa mata. Daga nan masana'anta na iya sayar da ita a haka, ko ta wanke ta da sinadari ta cire ɓawon, ko kuma ta goge ta a injin wasawa har ta yi santsi, kaurinta ya daidaita daga wannan baki zuwa wancan. Ga kuma batun zafin da aka bi ta da shi a ƙarshe. Akwai wadda aka ɗumama daidai gwargwado don a sauke matsin da bugu ya bari a cikinta, akwai kuma wadda zafi ya haura mata wajen digiri 1,300 har ƙwayoyinta suka sake tsari, irin wadda takan tsage a hannu in aka ce za a lanƙwasa ta da sanyinta. Duk waɗannan tangistin ne, amma kowanne da farashinsa da aikin da ya dace da shi.

Abin da ya tunzura ni shi ne odar da na bayar a wurin wani dillali mai shigo da kaya. Na nemi sanduna zalla masu kaurin milimita 6, gogaggu, kuma na faɗa masa abin da zan yi da su, wato in yayyanka su in liƙa su da azurfar walda a cikin mariƙin jan ƙarfe. Ya karɓi kuɗi cif, aka yi ta kai ruwa rana kafin kaya su iso, da aka buɗe kwali sai ga baƙaƙen sanduna da ɓawonsu, wasu a ɗan karkace, wasu da siririn tsagu bisa tsawonsu wanda ɓawon ya lulluɓe. Da na koma masa sai ya ce: "Alhaji, ai tangistin tangistin ne, ka sa yara su goge maka shi." Wannan amsa ita ce ta fi asarar ƙona mini rai, domin ta nuna cewa mutumin bai ɗauki bambancin da na biya kuɗinsa a bakin komai ba.

Azurfar walda ba ta kama jikin da ke da ɓawon ƙuna, sai ta dunƙule ta bar rata, kuma bakin injin da ke da rata a ciki zai yi zafi fiye da kima ya saki tsakiyar aiki. Idan kuma aka ce a goge, sandar da ta zo a milimita 6 da ɓawonta za ta koma ƙasa da 6 bayan an cire ɓawon, ta riƙa rawa a ramin da aka huda mata. Wanda ya yi niyyar gogewa da kansa yakan sayi mai kauri fiye da abin da yake so ne tun farko, don ya bar wa dutsen wasawa rabonsa. Gogewar ma ba aikin yara ba ce da garainda a bakin titi. Tangistin yana cin dutse, yana ɓantarewa a gefe, kuma daidaita kaurin doguwar sanda yana buƙatar inji na musamman wanda yawancin ƙananan wuraren aikinmu ba su da shi. Wato an sayar mini da rabin aiki a farashin cikakke, sannan aka ɗora mini nauyin ƙarasa abin da ba ni da kayan ƙarasa shi.

Ba ina cewa baƙar sanda ba ta da amfani ba ne. Ga wanda zai sassaƙe jikinta gaba ɗaya a inji, ita ce zaɓin hankali, domin biyan kuɗin gogewar da za ka sassaƙe ka zubar ɓarnar dukiya ce. Wadda aka wanke da sinadari ta wadatar a inda ake son tsafta amma ba a matsa wa kauri ba. Wadda aka gasa kawai ba a buga ba tana da masu saye, irin masu sake ƙera ta ko masu narka ta cikin wani ƙarfe. Zaɓin na mai saye ne, shi ya san aikinsa, kuma dillalin da ya ƙi faɗin abin da ke cikin kwali ya ƙwace masa wannan zaɓi.

Masu waldar argon ma ba su tsira ba, sai dai su abin yana cin su ne kaɗan-kaɗan har sun saba. Sandar tangistin da suke walda da ita mai kaurin milimita 1.6 ko 2.4 ko 3.2 tana bukatar jiki mai santsi da kauri daidai, domin ta zauna daram a matsin hannun walda, wuta ta ratsa ba tare da tangarɗa ba, zafi kuma ya sami hanyar fita. Idan jikin yana da kaushi ko kaurin ya saɓa, sai sandar ta riƙa zamewa, matsin ya ƙone, wutar ta yi ta yawo, bakin ya tsage ya jefa ɓarɓashi cikin ɗinkin. A tankin madara ko na lemo wannan ɓarɓashi aibi ne da dole a tone a sake, mai kamfani kuma ba zai tambayi wanda ya sayar da sandar ba, sunan mai walda ne zai ɓaci. Ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta ISO 6848 ta tsara launin da ake shafa wa gindin kowace sanda, kore ga tangistin zalla, ja ga wadda aka gauraya da kashi 2 cikin ɗari na sinadarin toriyam, ruwan toka ga mai seriyam, ruwan zinariya da shuɗi ga masu lantanam. Amma na sha buɗe fakitin da babu sunan masana'anta, babu lambar rukuni, sai fenti kawai, fenti kuwa kowa na iya shafawa. Wannan ya wuce maganar kuɗi, domin toriyam yana fitar da tururin nukiliya, kuma ƙurarsa ce yaranmu ke shaƙa idan suna wasa bakin sanda ba tare da kariya ba. Mai saye yana da haƙƙin sanin abin da yake sa almajiransa su wasa.

Akwai ma waɗanda ba sa bambance tangistin zalla da gaurayensa. Ka nemi zalla a miƙo maka wanda aka haɗa da nikel da baƙin ƙarfe, ko ma kabaid ɗin da ake yin haƙoran yanka da shi, wanda kobal ne ke riƙe da ƙwayoyinsa. A nan sikeli yana taimakawa. Nauyin tangistin zalla ya kai giram 19.25 a kowane dunƙule mai santimita ɗaya a tsawo da faɗi da kauri, kusan daidai da zinariya, don haka sanda mai kaurin milimita 10 da tsawon milimita 100 ya kamata ta yi kusan giram 151. Idan ta gaza sosai, to ko dai gauraye ce, ko kuma gasasshiya ce da ba a buga ba. Maganaɗisu ma yakan ɗan ja gaurayen da ke da nikel da baƙin ƙarfe ko kobal, amma ba ya jan zalla. Sai dai sikeli ba zai nuna tsagun da ɓawo ya rufe ba, ba kuma zai faɗi irin zafin da aka bi sandar da shi ba. Wannan sai takardar shaidar gwaji ta masana'anta, irin wadda ake kira 3.1 a ƙarƙashin ƙa'idar EN 10204, kuma manyan masana'antu suna bayar da ita ga duk wanda ya nema. Dillalanmu ne ba sa nema, ko kuma suna karɓa su ɓoye.

Na san uzurin da za a kawo, wato tsada. Gaskiya ne Sin ce ke haƙo kusan kashi 80 cikin ɗari na tangistin duniya, kuma tun da ta sanya takunkumin lasisi a kan fitar da shi a watan Fabrairun 2025 farashinsa ya yi tashin gwauron zabo, ga kuma halin da naira take ciki. To, ai tsadar ce ma ta sa ya wajaba a yi bayani dalla-dalla. Idan kuɗina ba zai kai gogaggiya ba, a faɗa mini tun kafin in biya, in yanke shawara da kaina ko in ƙara kuɗi ko in sauya tsarin aikin. Sauya mini kaya a ɓoye da mai araha, a kuma riƙe farashin mai tsada, ha'inci ne a ciniki, ko da wanda ya yi shi yana ganin dabara ce ta kasuwa.

Abin da nake nema daga gare ku, ya ku dillalai, bai fi ƙarfinku ba. Ku rubuta a kan takardar farashi da rasit cewa sandar baƙa ce, ko wankakkiya, ko gogaggiya, bugaggiya ce ko gasasshiya kawai, an sauke mata matsi ko ba a sauke ba, tare da yawan tangistin da ke cikinta, da iyakar abin da kaurinta zai iya ƙaruwa ko raguwa da shi. 'Yan'uwana masu sana'a kuma kada ku ƙara ba da oda da baki ko da saƙon murya, ku rubuta waɗannan sharuɗɗa, ku riƙe kwafi, ku auna kaya a gaban mai shi kafin ku sa hannu.

Dillalin nawa ya nuna mini rubutun da ke ƙasan rasit ɗinsa cewa kaya in ya fita ba ya dawowa. Dokar gasa da kare haƙƙin masu saye ta tarayya ta 2018 ta ba mai saye damar mayar da kayan da bai dace da bayanin da aka yi ciniki a kansa ba, ko bai dace da aikin da ya faɗa wa mai sayarwa zai yi da shi ba, kuma rubutun ƙasan rasit ba ya soke doka. Sandunan suna nan a kwalinsu ban yanka ko ɗaya ba, saƙonnin da muka yi musaya suna nan a ajiye, kuma zan kai ƙarata gaban shugabannin kasuwarsu da hukumar da dokar ta kafa har sai an musanya mini kayan ko an dawo mini da kuɗina.