Jiƙaƙƙiyar shara ba ta cin wuta

To, an ce wai mu "masu tunanin kwandon shara" ne. Na ji. An faɗa a gaban jama'a, an yi dariya, har da masu tafi, kuma duk wanda ke ɗakin taron nan na batun shara jiya ya san inda aka jefa maganar. Ban kira sunan kowa ba, ba kuma zan kira ba. Wanda ya tsargu, da shi nake.

Abu ɗaya zan tuna wa mai ƙyallin takalmin nan da bai taɓa taka juji ba: jiƙaƙƙiyar shara ba ta cin wuta, komai tsadar murhun.

Kun san yadda aka faro. Da aka ce a jera ayyukan shara bisa wanda ya fi gaggawa ga muhalli, mun sa kwashewa a gaba, musamman lungunan da mota ba ta shiga. Sai raba mai ruɓewa da marar ruɓewa tun daga gida, sai filin yin taki, sannan a rufe tsohon juji a haƙa sabon rami mai shimfiɗa a ƙasa da bututun zuƙe iska. Injin ƙona shara mai ba da lantarki can ƙarshe muka ajiye shi. Sai wani ya ɗauki takardar nan ya kifa ta, wutsiya ta koma kai, ya manna hoton doguwar bututun hayaƙi a bangon farko, ya ce sunan wannan hangen nesa. Ko waƙafin da muka sa bai sauya ba.

Mu da muka shimfiɗa tamfol a bakin juji muka tsince shara da hannu, muka ɗora a sikeli, mun san abin da ke cikinta. Ka damƙi ɗauri ɗaya ka matse, ruwa ne zai biyo ta tsakanin yatsunka har gwiwar hannu. Ba mu kaɗai muka gani ba. Rahoton Bankin Duniya na 2018 ya ce duniya na tara sharar birane tan biliyan 2.01 a shekara, kashi 44 cikin ɗari ragowar abinci ne da ganyaye, a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi kuwa ya haura rabi. A waɗannan ƙasashe, kashi 48 kawai ake kwashewa a birane, kuma kashi 93 a fili ake jibge shi. Wanda bai iya kwashe rabin shararsa ba, da me zai ciyar da inji dare da rana?

Shi injin ma yana da sharaɗi. Jagorar da Bankin Duniyar ya fitar kan ƙona shara ta ce matsakaicin zafin da shara ke bayarwa a shekara kada ya gaza megajul 7 (ma'aunin ƙarfin zafi) a kowane kilo. In ta gaza, ko dai ka riƙa zuba mai don wutar ta tsaya, ko ka cinye roba da kwali da takarda, abin da ya kamata a sake sarrafawa, abin da 'yan jari bola ke rufa wa kansu asiri da shi. Dokar Tarayyar Turai ta wajabta hayaƙin ya kai zafin digiri 850 na aƙalla daƙiƙa biyu, don in wuta ta yi sanyi gubar dayoksin ce ke fita, mutanen da ke kusa su shaƙa. Su Turawan da ake mana tutiya da su, a dokarsu ta 2008 rage shara ne farko, sai sake amfani, sai sarrafawa, ƙonawa ta zo ta huɗu. Jiƙaƙƙiyar shara ba ta cin wuta, malam, ko da Turanci ka roƙe ta.

Mai ƙyallin takalmin yana ta ambaton Addis Ababa, wai can sun gina irin injin nan. Sun gina, an buɗe shi a 2018. Amma ana cikin ginin ne, a watan Maris na 2017, jujin Koshe da ke gefensa ya zabtaro kan gidaje, mutum fiye da 100 suka rasu. A Agustan 2024 na Kiteezi a Kampala ya yi haka, fiye da 30 suka tafi. Wannan shafin ba ya cikin takardarsa.

Kai, ni fa abin ya ishe ni! Wai hassada nake yi. Hassadar me? Na je na tsaya inda baƙin ruwan juji ke tsatsowa yana gangarawa rafi, na ga yara suna tsallake shi ba takalmi. Na ga hayaƙin da ke fita daga cikin tsibin shara wata da watanni ba wanda ya kunna, iskar methane ce ke ci a ƙasa, iskar da cikin shekara 20 take riƙe zafi kusan ninki 80 na hayaƙin kabon. Ka cire mai ruɓewa ka mai da shi taki, ka rage iskar nan, ka rage baƙin ruwan nan, sauran ma ya bushe. Ban taɓa cewa kada a gina inji har abada ba, a duba rubutuna. Cewa na yi ba a fara gini daga rufi. Amma filin taki ba ya yin kyau a hoto, ba a yanka masa kyalle, shi ya sa na zama mai tunanin kwando.

Na karɓi sunan. Zama na gaba da bokiti zan zo, cike da sharar safiyar ranar, da kwalin ashana guda. A ajiye a tsakiyar ɗaki, mai hangen nesa ya kyasta a gaban kowa.