Araha ba ta ado: Chaina ta kama hanyar da Japan ta shekara 30 tana neman fita

A shekarar 2016 wani kamfanin ƙanƙarar zaƙi a Japan mai suna Akagi Nyugyo ya fitar da talla a talabijin. Shugaban kamfanin da ma'aikatansa suka jeru a harabar masana'anta, fuska ba walwala, sannan suka rusuna gaba ɗaya suna ba jama'a haƙuri. Laifin da suka yi shi ne sun ƙara yen 10 a kan ƙanƙarar Garigari-kun da yara ke sha, daga yen 60 zuwa 70, bayan shekara 25 ba a taɓa farashinta ba.

Magidancin da ke auno a Kano ko Zariya in ya ji wannan labari cewa zai yi ina ma a ba mu irin wannan matsala. A watan Disambar 2024 hauhawar farashi a Najeriya ta kai kashi 34.8 cikin ɗari, kuma ba wanda ya rusuna mana. Ban ga laifinsa ba. Sai dai ƙasar da ƙarin yen 10 ya zama abin neman afuwa a cikinta ƙasa ce mai ciwon faɗuwar farashi, kuma ciwon nan shi ne yanzu ya kama Chaina. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne mahukuntan Beijing sun karanci labarin Japan fiye da kowa, amma maganin da ya ƙi yi wa Japan aiki shi suke ɗura wa kansu.

Duk ɗan kasuwa ya san sharrin faɗuwar farashi ko da bai taɓa shiga ajin tattalin arziki ba. A ce ka ci bashin naira miliyan goma ka sari atamfa, kafin ka kwance dila farashi ya sauka. Kayanka sun koma na miliyan tara, bashin kuwa yana nan miliyan goma daram, ga kuɗin ruwa. Mai saye da ya lura kaya na sauka ba zai saya yau ba, zai jira mako mai zuwa. Kai kuma don kada kaya su yi maka kwantai sai ka ƙara karya farashi, ka sallami yaron shago ɗaya. Yaron da ka sallama shi ne mai cin abinci wurin mai tuwon bakin layi, ita ma cinikinta ya ragu. In wannan ya game ƙasa baki ɗaya, kowa na tsuke bakin aljihu, tsukewar kowa kuma ita ce ke ƙara talauta kowa.

Haka aka yi a Japan. Bayan yarjejeniyar Plaza ta 1985, wadda manyan ƙasashe suka ƙulla don rage darajar dala, darajar yen ta kusan ninkawa a kan dala, babban bankin ƙasar ya sauke kuɗin ruwa zuwa kashi 2.5 don kada masu fitar da kaya su durƙushe. Kuɗin da aka saki ya kwarara cikin filaye da hannayen jari. Ranar 29 ga Disambar 1989 ma'aunin Nikkei na kasuwar hannun jarin Tokyo ya kai 38,915. Bankin ya farga a makare, ya ja linzami da ƙarfi har kuɗin ruwa ya kai kashi 6 a 1990, komai ya rufto. Nikkei bai sake ganin wannan adadi ba sai a watan Fabrairun 2024. Shekara 34 ke nan. Jaririn da aka haifa ranar da kasuwar ta kai ƙololuwa ya isa ya ajiye iyali kafin ta dawo inda take.

Abin da ya biyo baya shi ne wurin da ya kamata a tsaya a duba. Kamfanoni suka wayi gari kadarorin da suka jinginar sun zube, bashi kuma yana wuyansu. Duk ribar da suka samu sai su kai banki su rage bashi, ba sabon inji, ba ƙarin albashi, ba ɗaukar sabbin ma'aikata. Masanin tattalin arziki Richard Koo ya daɗe yana bayyana cewa a irin wannan hali ko kyauta ka ba da rance ba mai karɓa. Aka kuwa gwada. A 1999 babban bankin ya mayar da kuɗin ruwa sifiri. A 2001 ya fara sayen takardun bashi don ya malala kuɗi cikin bankuna. A 2013 Firaminista Shinzo Abe ya kawo Haruhiko Kuroda ya shugabanci babban bankin, wanda ya yi alkawarin kai hauhawar farashi kashi 2 cikin shekara biyu. A 2016 aka kai kuɗin ruwa ƙasa da sifiri, wato banki ne zai biya ladan ajiya in ya jibge kuɗi a babban banki. Har ta kai babban bankin ya mallaki fiye da rabin takardun bashin gwamnati. Kuroda ya kusan cinye shekara goma a kujera yana jiran kashi 2 ɗin nan.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu. Albashi ya tsaya cik kusan shekara talatin. Matasan da suka gama karatu a shekarun 1990 ba su samu aikin dindindin ba, har aka sa wa zamaninsu suna zamanin ƙanƙarar neman aiki. Magidanta suka riƙe fiye da rabin dukiyarsu ta kuɗi a tsaba da asusun ajiya, wasu ma a cikin durowar tufafi. Gwamnati kuma duk lokacin da mai jinya ya fara tashi zaune sai ta ƙara masa kaya: harajin saye ya tashi daga kashi 3 zuwa 5 a 1997, shekarar da kamfanin hannun jari na Yamaichi da bankin Hokkaido Takushoku suka ruguje, sannan ya koma kashi 8 a 2014 daidai lokacin da Kuroda ke roƙon mutane su kashe kuɗi.

Da hauhawar farashin ta tashi zuwa, daga waje ta zo. Yaƙin Yukren ya tsadar da mai da alkama, yen ta faɗi har dala ɗaya ta haura yen 160 a tsakiyar 2024. A watan Janairun 2023 hauhawar ta kai kashi 4.2, rabon da a ga haka tun shekara 41. Ƙungiyoyin ƙwadago suka samo ƙarin albashi na sama da kashi 5 a 2024, sabon gwamnan babban banki Kazuo Ueda ya fitar da ƙasar daga kuɗin ruwa na ƙasa da sifiri a watan Maris na shekarar, ƙari na farko cikin shekara 17. To amma talaka bai yi shagali ba, don an shafe fiye da shekara biyu farashi na gaba albashi na biye. A 2025 kuɗin shinkafa ya ninka, ministan noma Taku Eto ya yi suɓul da baka ya ce shi bai taɓa sayen shinkafa ba saboda magoya baya na kawo masa, cikin 'yan kwanaki ya bar kujera. (Maƙwabciyarsu Koriya ta Kudu ma ta ga irin wannan: Shugaba Yoon Suk Yeol ya shiga kanti a 2024 ya ce won 875 kuɗin damin albasa mai lawashi daidai ne, alhali ragi na musamman aka yi a kantin, masu zaɓe suka mayar da albasar tutar adawa. Ko'ina a duniya, shugaban da bai san kuɗin cefane ba yana tare da wahala.)

Yanzu a dubi Chaina. Abin da filayen Tokyo suka yi wa Japan, gidajen bene suka yi mata. A 2020 gwamnati ta gindaya wa kamfanonin gine-gine iyaka uku kan cin bashi. A ƙarshen 2021 Evergrande, mai bashin sama da dala biliyan 300, ya kasa biya, a watan Janairun 2024 wata kotu a Hong Kong ta ce a karkasa shi. Country Garden ya bi sahu. A can mutum kan biya kuɗin gida tun ana haƙa harsashi, shi ya sa a 2022 aka ga masu saye a birane da dama sun ƙi ci gaba da biyan bashin gidajen da ba a gama ba. Mafi yawan dukiyar magidancin Chaina a gidansa take. Ranar da ya ga darajar gidan na sauka, ranar ya daina shiga kanti da fara'a.

Alƙaluman gwamnatin kanta sun nuna haka. Farashin kaya a bakin masana'anta ya fara sauka a watan Oktoban 2022 ya yi ta sauka wata bayan wata. Hauhawar farashin kayan masarufi kashi 0.2 ce kacal a 2023, haka ma a 2024. Rashin aikin yi tsakanin matasa ya kai kashi 21.3 a watan Yunin 2023, sai aka dakatar da fitar da adadin na wani lokaci. Kamfanin Luckin ya riƙa sayar da kofin gahawa yuwan 9.9, kamfanin BYD ya zaftare har kashi 34 a kuɗin wasu motocinsa a 2025. 'Yan Chaina da kansu suna da sunan wannan gasa, neijuan, gasar da kowa ke ƙara gudu ba wanda ke gaba. A ƙarshen 2024 ma kuɗin ruwan takardun bashin Chaina na shekara 30 ya faɗo ƙasa da na Japan, alamar masu kuɗi sun fara yi wa ƙasashen biyu kallon 'yan ɗaki ɗaya a asibiti.

Me aka yi? A watan Satumban 2024 gwamnan babban banki Pan Gongsheng ya rage kuɗin ruwa, ya sassauta wa masu bashin gida, ya tallafi kasuwar hannun jari. A Nuwamba aka ware yuwan tiriliyan 10 don sauya fasalin bashin ƙananan hukumomi. A 2025 ladan ajiyar shekara a manyan bankuna ya sauka ƙasa da kashi 1, amma mutane ba su fasa tara kuɗi ba. Mafi yawan ƙarfin gwamnati kuma ya tafi ga sabbin masana'antu: motocin lantarki, batura, farantan sola. Ƙasar da kaya suka yi wa yawa ta tashi maganin abin da ƙarin masana'anta.

A nan nake ganin kuskuren yake. Abin da magidanta ke kashewa a Chaina bai wuce kusan kashi 40 na arzikin da ƙasar ke samarwa ba, ƙasa ƙwarai da na yawancin manyan ƙasashe. Ba rowa ce ta sa ba, tsoro ne. Tsohon manomi a karkara fanshonsa bai wuce yuwan 200 da 'yan kai a wata ba. Leburan da ya bar ƙauye ya shekara ashirin yana gini a Shenzhen, tsarin rajistar zama na hukou bai ba ɗansa cikakken haƙƙin makaranta da asibiti a birnin ba. Mutumin da ya san in ciwo ya zo daga aljihunsa za a biya, rage kuɗin ruwa da ɗigo kaza ba zai sa ya sayi firji ba. A ƙara masa fansho, a sauke masa kuɗin asibiti, shi da kansa zai buɗe asusu. An ɗan taɓa, kamar tallafin yuwan 3,600 a shekara ga kowane yaro ɗan ƙasa da shekara uku da aka sanar a 2025, amma laƙani ne a kan babban miki. Shugaba Xi Jinping tun 2021 ya yi gargaɗi kan tallafin da ke haifar da malalata, kuma ga alama ra'ayin na nan.

Masu kare Beijing za su ce Chaina ba Japan ba ce, kuma suna da hujja. Tattalin arzikinta ya ƙaru da kashi 5.2 a 2023 da kashi 5 a 2024. Manyan bankuna na gwamnati ne, ba za a bari su kife kamar Yamaichi ba, kuɗi ma ba ya ficewa daga ƙasar sai da izini. Na yarda. Amma bambancin kaifi biyu gare shi. Japan ta riga ta yi arziki kafin ta kwanta ciwo. Chaina kuwa abin da mutum ɗaya ke samu a shekara bai wuce kimanin dala 13,000 ba, ga shi yawan jama'arta ya fara raguwa tun 2022, karo na farko tun 1961. Su ne da bakinsu ke cewa tsufa ya riga arziki isowa. Shi kuma kashi 5 ɗin, wani ɓangare mai kauri nasa daga sayar wa waje ya fito: rarar cinikinta da duniya ta kusan dala tiriliyan ɗaya a 2024.

Nan ne zancen ya iso ƙofar gidanmu. Amurka ta ɗora harajin kashi 100 kan motocin lantarkin Chaina a 2024, Tarayyar Turai ma ta ƙara nata. Ruwan da aka datse ta nan dole ya nemi hanya ta can, kuma Afirka na cikin inda yake gangarowa. Alheri ne ta wata fuska: farantin sola da ake gani a kan rufin shaguna da asibitoci a Arewa ya shigo hannun talaka ne saboda masana'antun can suna yanka wa juna wuya a kan farashi. Ɗan Kantin Kwarin da ke zuwa Guangzhou sari shi ma in ba don faɗuwar naira ba da ya sha romo. Amma mai masaƙa ko mai kamfanin roba a Sharaɗa da Bompai, wanda ke kwana da tashi da janareta, da wa yake gasa? Da kamfanin da ya yarda ya sayar a kan faɗuwa don kada injinsa ya tsaya. A tsakiyar 2025 ma'aunin kuɗin ruwan rancen shekara ɗaya a Chaina kashi 3 ne. A daidai lokacin, na Babban Bankin Najeriya kashi 27.5 ne, tun kafin bankin kasuwanci ya ɗora nasa.