Shekaru ba sa hana koyon tuƙin ƙaramin jirgi

A Birnin Kebbi, in dattijo ya ce yana sha'awar koyon tuƙin jirgin sama, sai ka ji an ce, "Haba Alhaji, ai lokaci ya wuce." An haɗa abu biyu ne daban. Iyakar shekara 65 da ake ji ta shafi matuƙan jiragen haya ne. Lasisin tuƙa ƙaramin jirgi don amfanin kai yana da ƙaramar iyaka, shekara 17, amma babu babba.

Likita ke yanke hukunci. Zai duba zuciya, hawan jini, ido da ji, kuma daga shekara 40 akan ƙara yawan maimaita gwajin. Tabarau ba ya hana. Sai aƙalla awa 40 a sama, wasu tare da malami, wasu kai kaɗai, da jarrabawa, da Turancin magana da hasumiyar filin jirgi.

Inda gizo ke saƙar shi ne kuɗi da nisa. Mutumin Kebbi sai ya nufi irin kwalejin koyon tuƙin jirgin sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, kuma kowace awa a sama tana cin aljihu sosai.