Dokoki 23 a takardar 'yata, babu ko ɗaya ta malami

Ranar Litinin ɗin da aka koma makaranta, 'yata ta aji huɗu ta dawo da takarda wai in sa hannu. Dokokin aji ne har guda 23, an buga su da kwamfuta cikin Turanci. Bayan sallar isha'i na zauna na bi su ɗaya bayan ɗaya. Kada a zo latti. Kada a yi surutu. Kada a yi Hausa. Kada a fita sai an kaɗa ƙararrawa. Kada a zo da safar da ba fara ba. Kowace doka da hukuncinta a gefe, wannan bulala uku, wannan durƙuso, wannan tarar naira 50. Na juya bayan takardar ko zan ga inda aka rubuta abin da ya hau kan malami. Fari fat.

Ba zan kama sunan makarantar ba, don ba ita kaɗai ba ce, kuma malaman yarinyar mutanen kirki ne. Ni ma ɗan gida ne. Bayan na gama NCE a Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie, na yi shekara 11 ina riƙe da aji a wata firamaren gwamnati a ƙasar Argungu kafin in koma wata sana'a. Duk abin da zan faɗa a nan, ni ma na aikata shi, wani ma na fi su.

Bari in fara da latti, tunda ita ce doka ta ɗaya a kowace takarda. A shekarata ta farko ni ne mai tsayuwa a bakin ƙofa da bulala. Da an gama asambile, an yi taken ƙasa da alƙawari, duk wanda ya iso sai ya miƙo hannu. Ina jin daɗin kaina, ina ganin na kawo gyara, domin cikin mako uku masu latti suka ragu sosai. Sai da na zo haɗa rajista a ƙarshen wata na ga abin da ya faru. Masu latti sun ragu, masu fashi sun ƙaru. Yaran nan ba wawaye ba ne. Yaro ya taso daga gida, ya hango rana ta ɗaga, ya san bulala na jiran sa, sai ya karkata ya nufi fadama ko gindin wata bishiya, ya zauna har a tashi, ya bi ayari zuwa gida. Da can darasi ɗaya yake rasawa. Ni da bulalata na mai da shi mai rasa yini guda.

Akwai wata yarinya da kusan kullum sai ta makara. Rannan na tsare ta na ce, ke wai me ke damun ki? Ta sunkuyar da kai ta ce, "Malam, sai na sai da ƙosan inna dut kahin in taho." Da na bi diddigi, yarinyar nan tun asuba take tashi. Ta ɗebo ruwa, ta je makarantar allo ta biya karatu, ta dawo ta ɗauki tire. Kafin ta iso ƙofar makaranta ta yi aikin awa uku, ni kuwa da ke riƙe da bulalar ko shayi ban daɗe da sha ba. Wanda ya zauna ya rubuta "bulala uku ga mai latti" bai taɓa tambayar yadda safiyar yaronmu take ba. Haka lokacin yankan shinkafa, haka ranar kasuwa. Duk malamin ƙauye a Kebbi ya san ranar da ajinsa ke zama rabi, ba sai ya duba kalanda ba.

Ban ce a bar kowa ya zo lokacin da ya ga dama ba. Akwai 'yan gantali, waɗanda ke tsayawa buga ƙwallo ko jifan mangwaro, kuma malamin da ya san ajinsa yana bambance su. Abin da na koma yi daga baya shi ne, wanda ya makara ya shigo shiru ba sallama da ƙarfi, ya zauna inda ya samu, sai an fita tara mu yi magana. Idan ta kai sau uku a mako, da yamma zan taka zuwa gidansu. Wallahi zuwa gida sau ɗaya ya fi bulala hamsin aiki. Mahaifiyar yarinyar nan da kanta ta ce za a riƙa rage mata ƙosan, sauran kuma ƙanenta ya kai bakin makaranta lokacin tara ta ƙarasa sayarwa. Ba ni na kawo shawarar ba.

To amma ga inda takardar 'yata ta fi ba ni haushi. Ƙarfe nawa malami zai zo? Mu faɗa wa kanmu gaskiya, 'yan uwana malamai. Sau nawa muka iso ƙarfe takwas da rabi, muka kafe babur, muka karɓi bulala daga hannun firifet muka hau dukan yaron da muka wuce shi a hanya? Idan kura na maganin zawo ta yi wa kanta. Yaro ba ya karanta dokar da aka manna a bango, ko da ya iya Turancin. Malaminsa yake karantawa. In ya ga malam yana shigowa lokaci ɗaya kullum, yana duba aikin gidan da ya bayar, yana cika abin da ya ce zai yi, to ya gane cewa a wannan ɗakin magana tana da nauyi. In kuwa ya ga jadawali ya ce lissafi amma malam na gindin dogon yaro yana latsa waya, ya riga ya koyi darasin ranar: doka ta marar ƙarfi ce.

Daga nan ne ma aka haifi mugun abin nan, rubuta sunan masu surutu. Me ya sa ake buƙatar monita ya rubuta suna? Saboda babu malami a ajin. An bar yara 80 'yan shekara tara cikin zafi, ba aikin yi, an ce su yi tsit na minti 40. Ko dattawa aka tara a haka sai an yi hira. Sannan a ɗauki yaro ɗaya a ba shi biro da iko a kan 'yan uwansa. Mu da muka yi firamare mun san yadda ake goge suna. Guntun rake, ƙuli-ƙuli, rabin kuɗin tara. Wanda ba ya shiri da monita kuwa, ko tari ya yi sai a sa masa "sau biyu" a gaban sunansa. Muna zama a majalisa muna kukan cin hanci ya cinye ƙasa, alhali a aji uku muke buɗe wa yara reshensa na farko.

Ku dubi makarantar allo, wadda wasunmu 'yan boko ke rainawa. Tana da nata matsalolin, ban musa ba, dorina ma ta fi yawa a can. Amma ba a taɓa raba wa almajiri takardar dokoki ba, kuma kowane yaro ya san abin da zai yi daga zuwansa har tashi. Ya san inda allonsa yake jingine, ya san sai ya biya kafin a ce ya wanke, ya san bayan wanki sai rubutu sannan ƙari, ya san Alhamis da Juma'a hutu ne. Kuma malam na nan zaune a kan buzunsa, ba ya zuwa ko'ina. Wannan maimaicin na kullum shi ke riƙe da yara. A ajina abin da ya fi kawo natsuwa ƙanana ne ƙwarai: layin da ke da shara ya zo da wuri, a rubuta kwanan wata a saman allo, a tarar da tambayoyi uku na jiya suna jira a gefe, kowa ya zauna ya fara kafin in buɗe baki. Da yara suka saba, surutun safe ya mutu da kansa, ba tare da na rubuta "kada" ko ɗaya ba.

Dokar hana Hausa kuwa, ita ce ke sa ni dariya mai ciwo. A karɓi tara daga kuɗin tara. Tun 1977 tsarin ilimi na ƙasa ya ce a fara koyar da yaro da harshensa ko harshen yankinsa a shekarun farko na firamare. A 2022 aka ce a kai shi har aji shida, a ƙarshen 2025 kuma ma'aikatar ilimi ta tarayya ta ce an soke, a koma Turanci. Su can Abuja su yi ta kai da komo. Abin da na gani da idona shi ne, ranar da ka hana yaro ɗan aji biyu magana da harshen da yake tunani da shi, ba Turanci zai fara yi ba, shiru zai yi. Ba zai tambaya ba, ba zai ce bai gane ba, fitsari ma zai matse har ya jiƙa wando don bai tuna yadda ake neman izini ba. Ga kuma yaran da Hausar ma ta biyu ce a wurinsu, ɗan Fulani daga ruga, Bazabarme, Badakkare da iyayensa suka taho daga Zuru. Ina son 'yata ta iya Turanci, shi ya sa nake biyan kuɗi. A ware lokacin da kowa zai yi shi, a yi ta kuskure ana gyarawa ana dariya. Amma naira 50 ba ta taɓa sa wa yaro kalma ɗaya a baki ba.

Akwai kuma abin da ban gani a takardar ba sam, kuma a wannan yanki namu shi ya kamata ya zama na farko. Kiran suna. Da muna ɗaukar rajista aikin ofis ne, abin da ake cikewa a gurguje ranar da aka ji masu duba makarantu na tafe. Yanzu zamani ya sauya. Mun ga yadda aka sace ɗalibai a makarantar Jangebe a Fabrairun 2021, mun ga Birnin Yauri a watan Yuni na shekarar, mun ga Maga a Nuwamban 2025. A na Jangebe da farko 317 aka ce an ɗauka, da aka sako su a farkon Maris aka ƙirga 279. A cikin ruɗani irin wannan, tambayar farko da uwa ke yi ita ce, ɗana yana ciki ko ba ya ciki? Allah ya kiyaye, amma malamin da ba zai iya faɗin wa ya zo yau wa bai zo ba, me zai ce mata? Na san kiran suna 90 na cin lokaci. Ni raba su na yi layi-layi, kowane layi da shugabansa da ake sauyawa duk mako, shi zai miƙe ya ce wane da wance ba su zo ba, in duba da idona in rubuta. Minti uku an gama. A sake bayan tara, don a nan ake sulalewa. Kuma yara su san ta wace ƙofa za su bi, a ina za a haɗu, wa zai riƙe hannun ƙanana in wani abu ya taso. Ba a fafe gora ranar tafiya. Wannan ya fi launin safa muhimmanci nesa ba kusa ba.

Na san abin da abokan aikina na da za su ce, kuma suna da gaskiya. Tsarin ilimi ya ce malami ɗaya ga yara 35 a firamare, mu kuwa mun koyar da ninki biyu da ɗoriya, rabi a ƙasa ba benci. Dokar UBE ta 2004 ta ce karatun shekara tara kyauta ne kuma tilas, amma alli ma wani lokaci daga aljihunka. Albashin bai kai tsakiyar wata, dole ka haɗa da noma ko kabu-kabu. Mutumin da ke cikin wannan hali, bulala ita ce hanya mafi sauƙi, kuma iyaye da kansu ke cewa "Malam, ka ba shi kashi, ido kawai za ka bar mini." In ka yi magana a ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Haka ne, sai dai ɗanyen icce ma yana karyewa, kuma na karya wasu. Akwai yaron da na zane kan aikin gida a shekarata ta biyu, bai sake dawowa ba. Ina ganin sa yanzu a tasha yana lodi, yana gaishe ni da ladabi har ƙasa, ni kuwa ba na iya haɗa ido da shi. Cunkoson aji ma hujja ce a kan rage dokoki. Wa zai iya tsare dokoki 23 a kan yara 80? Za ka hukunta wanda idonka ya faɗa kansa, ka bar goma da suka yi irin laifinsa, su kuma suna kallo suna lissafi.

Doka huɗu ko biyar sun isa, a faɗe su da harshen da yaro ke ji, a bar yaran su sa baki wajen tsara su. Ba duka, ba zagin iyayen wani, ba taɓa kayan wani, in ɗaya na magana saura su saurara. Ruwan sha da bayan gida kuwa ba abin hukunci ba ne, musamman a watan Afrilu da kwanon rufi ke tafasa kai, balle ga 'yan matan manyan ajujuwa da ke da lalurar da ba za su iya faɗa wa malami namiji a gaban aji ba.

Na sa hannu a takardar, don kada a kori yarinya ta rasa darasi. Amma a bayanta, wurin nan da ke fari fat, na rubuta layi uku da biro: malami zai riga ɗalibai shiga aji, zai duba duk aikin gidan da ya bayar, zai kira suna safe da bayan tara. Na bar wurin sa hannu a ƙasa. Da safe yarinyar ta juya takardar ta gani, ta zaro ido ta ce, "Baba, ni dai ba ni kai wagga takarda." Na ce ta bar ta. Ranar Asabar akwai taron iyaye da malamai, da kaina zan kai wa hedimasta.